Allon da Ba Ya Cika

Shekara talatin da ɗaya Baba Tela yana ɗinki a wani shago a ƙasan bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tayoyi, kuma bai taɓa saɓa ranar da ya ba mutum ba. Duk wanda ya san halin teloli ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gajere ne, mai saurin hawa, tef na rataye a wuyansa ko abinci yake ci. Da keken ɗinkin nan ya raini 'ya'ya biyar, amma abin da yake taƙama da shi a duniya shi ne cika alƙawari.

Ba wani asiri yake da shi ba. Katako ne a bango mai ƙusa arba'in. In ka kawo ɗinki, sai a rubuta awonka da ranar karɓa a 'yar takarda, a soke a ƙusa. Ƙusa arba'in aikin mako biyu ne gare shi da abokan aikinsa biyu. In sun cika, ko kai waye sai ka jira.

Sai autarsa ta gama jami'a, ta karɓi gaban shago, ta zo da wata manhaja a kwamfutar hannu. Farin fili ne marar gefe: ka ja hagu, ka ja dama, ka liƙa abin da kake so a inda kake so, ba ya ƙarewa. A faɗi gaskiya, abin ya yi rana. Ga hoton yadi, ga awo a gefensa, ga salon da mutum ya zaɓa, ga kibiya ta haɗa ɗinkin 'yan gida ɗaya. Takarda ta daina ɓacewa. Baba Tela da kansa ya yaba, aka cire katakon aka jingina shi a bayan shago.

Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne, wannan allo bai iya cewa a'a ba. Auta kuwa mai kunyar mutane ce. In wuri ya cushe sai ta matsa gefe ta liƙa sabon aiki, gobe ta ƙara matsawa. Shi kuma tsoho iyakar abin da fuskar kwamfutar ta nuna masa da safe yake gani, ya ɗauka shi ke nan aikin.

Ranar wata Asabar wata matashiya ta shigo da fara'arta. Ta samu aikin jinya, ranar Litinin za ta fara, ta zo karɓar fararen kayan aikinta. Baba Tela bai taɓa ganin ta ba. Aka duba, sai ga yadinta a ƙasan kantar shagon, a ninke yadda ta kawo shi.

"Auta, ina kika sa aikin baiwar Allah nan?"

"Yana ciki, Baba. Wallahi na sa."

Ta matse allon da yatsu biyu, komai ya ƙanƙance, ya yi baya, ya yi baya. Sai ga ayyuka birjik kamar tururuwa sun samu sukari. Ɗari da goma sha uku. Na matashiyar yana can wata kusurwa shi kaɗai, kuma akwai wasu shida da aka yi wa alƙawarin wannan Asabar ɗin.

Ran Baba Tela ya yi mummunan ɓaci.

"Da bakin wa kika yi alƙawari ɗari da goma sha uku? Da nawa! Hannu nawa gare ni? Wane irin shashashan allo ne wannan da ba ya cika?"

"Ai amfaninsa ke nan, Baba, ba ya..."

"Rufe mini baki! Shi ba ya cika, ni ina cikawa. Rana ma tana faɗuwa!"

Matashiyar ta tsaya tana murza jakarta. "Baba, in ban je da kayan ba, ba za su bar ni in shiga ɗakin marasa lafiya ba."

Ya dubi kekuna uku, duk suna kan aikin wasu. Ya yi lissafin awoyi ta kowace fuska, bai ga inda za su kai ba. Sai ya ɗauki farin yadin ya fita.

A tsallaken titi akwai wani tela da ake kira Dogo, wanda Baba Tela ya shekara ashirin yana kiransa maƙaryaci a gaban kowa, saboda bai taɓa gama ɗinki a kan kari ba. Kekensa na zaune babu aiki. Baba Tela ya tsaya a bakin ƙofarsa, ya yi sallama da muryar da shi kansa bai san yana da ita ba.

"Ka taimake ni. Na yi wa yarinyar mutane alƙawarin yau, ban cika ba."

Dogo ya karɓi yadin, ya warware shi a hankali, yana murmushi har kunne.

"Haba, yaya, mene ne abin sunkuyar da kai? Shigo ka zauna. Ai duk haka muka fara."