Sifilin Rifkatu

Har yau ranar da na ba Rifkatu sifili ba ta fita daga raina ba. A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ne, ina koyar da lissafi a wata sakandare ta je-ka-ka-dawo a Narayi. A lokacin, duk abin da ya lalace kwamiti ake kafa masa. Mu ma shugaban makaranta, Baba Dogara, ya kafa namu don a gano abin da ya sa yara ba sa son karatu, ya naɗa ni sakatare.

Mun zauna sau uku. Muka ɗora laifin a kan gidajen kallon bidiyo, da iyaye, da talla, har da mulkin soja. Babu wanda ya kawo shawarar a tambayi yaran.

Rifkatu 'yar aji biyu ce, daga Romi take zuwa a ƙafa. Zangon farko ita ta yi na ɗaya, na biyu ta dawo kusan ta ƙarshe. Dokarmu kuwa, duk wanda ya faɗi zango biyu a jere sai a sallame shi. Na uku ya zo, na yi musu tambayoyi arba'in irin na zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu, ta faɗi duka. Nan jikina ya ba ni. Ko akuya ka ba fensir, sai ta canki biyar. Ba mai faɗuwa arba'in cif sai wanda ya san amsoshin.

Na kira ta ofishin malamai.

"Rifkatu, wa kike raina wa hankali?"

Ta ce, "Sa, da na yi na ɗaya, ni ce sayo alale, ni ce kai yaron Madam malamar ajinmu asibiti, ni ce rubuta sunan masu surutu, a tashi su tare ni a hanya. Kowa sai ya ce a aiki Rifkatu, ai tana da kai, za ta kamo. Tun da na fara faɗuwa ba mai aikena. Yanzu kowane darasi ina cikin aji, Sa."

Kunya ta kama ni, domin alalen nawa ne.

Na ba ta wata takardar a gabana, ta cinye tas. Na ja ta sai ofishin Baba Dogara, na zayyana masa komai, na ce ga abin da ya kamata mu sa a rahoto. Ya ce a'a, wannan tonon silili ne, a bar shi a kan bidiyo. Amma ya soke sallamar, ya yi ta sa mata albarka.

"Kai, yarinyar nan akwai kai! Ungo fulas ɗin nan, 'yata, maza ki karɓo mini ruwan zafi wurin mai shayi."

An riga an kaɗa ƙararrawar shiga aji. Rifkatu ta juyo ta kalle ni. Na karɓi fulas ɗin na ce ta wuce aji, na tafi wurin mai shayi da kaina, da taye a wuya da komai.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in kun ga yaro ya ƙi karatu, kafin ku ɗauki bulala ku duba irin ladan da muke ba wanda ya yi. Yaran nan sun riga mu dubawa.