Malam Ƙugiya da Manyan Baki

Shekara ashirin da takwas Malam Ƙugiya ya yi a kan teburi ɗaya, kusa da taga, a ɗakin da ke tsakanin ofishin manaja da inda injin buga littattafai ke ruri. Aikinsa duba rubutu kafin a buga. Ya shigo maɗaba'ar tun ana jera haruffan ƙarfe da hannu, ɗaya bayan ɗaya, lokacin da kuskure guda kan sa a kwance shafi sukutum, shi ya sa mutanen wancan zamani ke tsoron kuskure yadda ya kamata. Jan biro uku yake sakawa a aljihun gaba, don ko biyu sun ci amanarsa rana ɗaya, kada aiki ya tsaya.

Laƙabin ya samo asali ne daga haruffan nan masu ƙugiya a ka. A ganinsa, mutumin da zai rubuta ƙafa ya bar harafin farko ba lanƙwasa, babu abin da ba zai iya aikatawa ba a duniya. Saurayin babbar 'yarsa ya taɓa rubuto masa wasiƙa mai ladabi, ya mayar masa da ita da gyara goma sha ɗaya, sannan ya amince da auren. Matarsa kuwa tun shekarar farko ta daina rubuta masa takardar cefane. Da baki take faɗa, ta ce a nan dai ba ya iya sa mata jan biro.

Da ya cika hamsin da uku sai hannunsa ya fara gajarta. Haka dai shi ya fahimci lamarin. Takardar da a da yake karantawa a gaban hanci, yanzu sai ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya ja kai baya kamar mai gudun hayaƙi. Ya ɗora laifin a kan ƙwan lantarki, aka canja. Ya ɗora a kan tawadar zamani, wadda ya ce ruwa ne aka nuna wa baƙin launi daga nesa. Matarsa, wadda ta yi shekara biyu tana sa tabarau ba tare da sama ta faɗo ba, ta ba shi shawara ya je a duba idonsa. Ya ce mata tabarau na mutanen da suka tsufa ne, shi kuwa gajiya ce kawai. Ta tuna masa cewa ya girme ta da shekara biyar. Ya ce wannan wata magana ce daban.

Ana cikin haka mai maɗaba'ar, tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya, ya miƙa ragamar aiki ga ɗansa. Sabon manajan yana da fara'a, yana kiran Malam Ƙugiya Baba, yana kuma yi masa sannu ko da a zaune ya same shi. Wata rana ya nuna masa yadda kwamfuta ke ja wa kuskure jan layi da kanta, ba ta shan shayi, ba ta zuwa hutu. Sannan cikin ladabi ya ce idan an gama taron cikar maɗaba'ar shekara arba'in, za su zauna su duba maganar teburin nan na bakin taga. Malam Ƙugiya ya gane. Abin da ya rage masa na kariya ɗaya ne, kowa kuma ya san shi: tun da ya zauna a wurin, kuskure bai taɓa wucewa ta gabansa ya kai ga inji ba.

Takardar tsarin taron ta zo teburinsa da wasu ƙananan haruffa masu kwalliya da manajan ya zaɓa. Ya karanta ta sau uku, hannu a miƙe, ya sa hannu. Aka buga ɗari huɗu, aka jera a kan kujeru tun ana gobe taro, shi kuma ya tafi gida da guda don alfahari.

Da safe matarsa tana yi masa gugar riga, ta ɗauki takardar ta gyara zaman tabarau.

"Baban yara, waɗannan mutanen faɗa kuka yi da su?"

Ya tambaye ta waɗanne mutane. Ta ɗora yatsa a saman shafi na biyu, inda aka jera sunayen mutum goma sha biyu da za su zauna a babban teburi. Ya miƙe hannu, bai ga komai ba. Ta cire tabaraunta ta ɗora masa a hanci. Nan take shafin ya fito tas, kamar yadda shafuka ke fitowa shekara goma da suka wuce. A inda ya kamata a ce Manyan Baƙi, an rubuta Manyan Baki. Ƙugiyar ba ta nan.

Ya tafi taron tare da matarsa, kamar mai zuwa jin hukunci. Ya zauna a layi na uku yana jiran wani ya nuna shi da yatsa. Baƙo na farko ya tashi ya ce ba zai ɗauki lokaci ba, ya yi minti hamsin. Na biyu ya ce na farko ya riga ya faɗi komai, sai ya maimaita shi daga farko. Mutane suka mai da takardar mafici. Wata mata ta naɗe ragowar biskit a cikin tata. Har baƙo na goma sha biyu ya zauna, babu wanda ya lura. Wannan ya fi yi masa ciwo fiye da kuskuren kansa, domin ya soma tunanin ko shekara ashirin da takwas ya yi yana gadin ƙofar da ba mai bi.

Bayan an watse aka ce tsohon yana kiransa. Ya same shi a ofis da gilashin ƙara girman rubutu a hannu, yana dariya har tari ya sarƙe shi, ɗansa na tsaye yana bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce ya san Ƙugiya ba ya kuskure, da gangan ya yi, kuma bai taɓa ganin kwatanci da ya dace da mutane irin wannan ba. Ya juya ga ɗansa ya tambaye shi ko na'urarsa za ta iya zagin mutum goma sha biyu da harafi ɗaya, su kuma tafi gida suna godiya.

Shiru kawai ake buƙata daga Malam Ƙugiya, teburinsa ya tsira. Ya gwada. Ya kalli silin. Amma magana ce marar daidai aka ajiye a gabansa, shi kuwa bai taɓa koyon barin irinta ta wuce ba, ko da a kansa alherin zai faɗa.

"Ranka ya daɗe, kuskure ne. Ban gan shi ba. Idona ne ya fara ja da baya."

Dariyar tsohon ta ɗauke. Ya ce:

"Duk tsawon zamanmu abu ɗaya ka taɓa yi da ya ba ni dariya. Shi ma ka gyara shi."

Manajan ya gyara murya ya ce to ai magana ta fito fili, Baba da bakinsa ya faɗa. Tsohon ya miƙa masa takardar, ya ce tunda haka ne ya nuna masa inda kuskuren yake. Manajan ya duba da idonsa masu lafiya. Ya ce ko kwanan wata ne. Aka ce a'a. Ya ce ko wani waƙafi ne ya yi yawa. Ya juya takardar baya, ya dawo da ita gaba, ya sake bin sunayen da yatsa.

"Bar shi haka," in ji tsohon. "Abin da Ƙugiya ya rasa ana sayar da shi a kanti. Naka ne ban san inda ake samu ba."

Ya yanke cewa teburi na nan inda yake, da sharaɗin kada Malam Ƙugiya ya sake taɓa takarda sai likitan ido ya gan shi.

A hanyar gida ya ba matarsa labari, ya rage wasu wurare. Da suka kusa ƙofa ya roƙe ta kada 'yan matan su ji, musamman babbar, saboda mijinta. Ta ce ya makara, tun yana zaune a layi na uku ta buga musu waya, surukin nasa ma ya ce shi zai kai shi asibitin da motarsa.