Ƙoƙi-ƙoƙin da Abokina Ya Ɗora wa Tifa

Shekarun baya can, wajen ƙarshen shekarun saba'in, lokacin ko labarin Jihar Kebbi babu, muna cikin Sakkwato abinmu, ina tuƙin tifa a wani kamfanin da ke aikin hanya ta wajen Kalgo. Abin da ya tono mini wannan labari, wani daga cikinku 'ya'yana ne ya turo mini bidiyon manyan motocin haƙar ma'adinai, waɗanda ake ɗora wa wani hannun ƙarfe a ka, yana gogar wayar lantarki suna hawan tudu da kaya. Ya rubuta a ƙasa wai, "Baba, ka ga ci gaba." Na yi dariya ni kaɗai. Ɗana, mu mun ga wannan ci gaban a hanyar Dangoma tun ba a haife ka ba, kuma saura ƙiris ya ci mana mutum.

Ina da wani aboki, ɗan Kambaza, makanike ne. Ya yi shekaru a wuraren haƙar kuza a ƙasar Jos kafin ya dawo gida. Hannunsa na da albarka, duk injin da ya taɓa sai ya tashi, amma kansa ba ya zama wuri ɗaya. Ya auri ɗiyar wani dattijo ɗan kasuwa a Gwandu, shi kuma surukin ya ba shi wata tsohuwar tifa ya riƙa ɗibar marmara yana kai wa kamfaninmu, ya riƙe iyali. Ban taɓa ganin mai kunyar suruki irin abokin nan nawa ba. Ko sunan dattijon aka ambata a fira sai ya gyara zama. In ya hango shi a kasuwa kuwa, tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa, kai a ƙasa, ba ya iya haɗa kalma uku. Mun sha yi masa tsiya a kan haka.

A can Jos ne wani Bature ya nuna masa hoton irin motocin nan, a wata ƙasa mai nisa inda ake haƙar ƙarfe. Sunan hannun wai fantogiraf. Abokina ya haddace sunan, yana faɗinsa yana wani ɗaga gira. Da ya dawo ya tarar an kafa turakun lantarki a Kalgo an ja waya, sai abin ya shiga ransa ya zauna. Wayar kuwa ba komai a cikinta. Damina ta zo ta wuce, wata daminar ta zo ta wuce, kurciyoyi kaɗai ke morar ta. Har mutane suka daina ɗaga kai su dube ta.

Ya samo sifirin ɗin mota, da ƙarafunan tsohon gado, da wani fallen jan ƙarfe, ya shiga walda. Abin da ya fito wani dogon abu ne mai gwiwa, in an saki igiya ya miƙe sama, in an ja ya naɗe. Ya kafa shi a kan rufin tifa. Ranar da ya fara fitowa da shi wata tsohuwa ta ce, "Wannan ai ƙoƙi-ƙoƙi ne." Shi ke nan suna ya bi shi.

Na ce masa, "Mutumina, tifarka da man gas take tafiya. Ko ka kamo wutar, a ina za ka zuba ta? A tanki?"

Ya ce, "Kai dai direba ne, sitiyari kawai ka sani. Ina da injin lantarki na famfon ma'adinai, yana nan ƙarƙashin gadona. Bari in ga hannun ya iya bin waya tukuna. Yanzu ne lokacin gwaji, tun babu wuta."

Gaskiya a nan ya yi hankali. Tsakanin turke da turke yake gwadawa, ya saki hannun ya taɓa waya ɗaya ta gefe, ya gangara a hankali, kafin ya kai turke na gaba ya ja igiya. Tangaran ɗin da zai raba hannun da jikin mota ma bai riga ya sa ba, ya ce sai an gama gwaji. Ni ne ɗan kallo kuma mai ba da shawarar da ba a tambaya ba.

Wani mako bayan kaka muka yi kwanaki a ramin marmara ta wajen Diggi, ba mu shigo gari ba. Da muka dawo muka yi alkawarin gobe da hantsi za a yi babban gwaji a hanyar Dangoma. Ina shiga gida mahaifiyata ta tare ni.

"Yawwa, gara da ka dawo. An yi shela a kasuwa, an ce wuta na tafe gobe, kowa shi kiyaye. Ka tahi da sassafe ka kwaso mini harawata daga gona."

Na ce, "Inna, wace wuta?"

Ta ce, "Wuta dai! Wuta nawa ka sani? Lokacin ƙunar daji ne ai."

Ita ba ta je kasuwar ba, a bakin maƙwabciya ta ji, ita ma maƙwabciyar a bakin wata. Ni kuma da nake kwana ina tashi da zancen waya da lantarki, ko kaɗan raina bai kawo komai ba. Na ari jaki, na tafi gona, ina ɗaurin harawa ina leƙen gabas da yamma ko zan hango hayaƙi. Sama tas. Har ina cewa a raina masu shelar nan ba su da aikin yi.

Ina dawowa bakin gari na ga mutane sun yi cincirindo a ƙofar wani shago, ana tafi ana sowa. Na kutsa kai. Ƙwan lantarki ne a rataye, yana ci da rana tsaka. Wani ya dafa ni ya ce, "An kawo wuta!"

Innalillahi! Ban san lokacin da na saki igiyar jakin ba. Na fizgi keken wani bawan Allah, ko sallama ban yi masa ba, na miƙi hanyar Dangoma.

Tun daga nesa na hango tifar a tsaye, ƙoƙi-ƙoƙi a miƙe. Da na matso sai na ji ƙara kamar ta zuma a cikin amya, ga warin roba, ga wani siririn hayaƙi na tashi daga tayar gaba. Ƙahon hannun ya sarƙe da wayar, igiyar saukewa ta ƙone ta tsinke. In ya ja motar, wayar zai tsinko a kan mutanen da suka taru kallo. Abokina na zaune a ciki, ya riƙe sitiyari, idanu sun fito.

A kamfaninmu abu ɗaya suke nanata wa direbobin tifa har ya gundure mu. In bodinka ya taɓa waya mai wuta, ka zauna daram a cikin mota, tayoyi ne suka raba ka da ƙasa. Wanda ya sauko, hannu a jikin ƙarfe ƙafa a ƙasa, ya gama. Wanda ya zo daga waje ya taɓa motar, shi ma haka. Na kori mutane baya, na ba wani mai ƙarfi keken na ce ya je wurin ma'aikatan lantarki a bakin taransifoma su kashe layin. Sannan na ɗaga murya.

"Kada ka sauko! Ka ji ni? Ko mi za a yi, kada ka sauko!"

Ya gyaɗa kai. Hankalina ya ɗan kwanta. Abin da ya rage jira ne kawai.

Sai ga wata Fijo ta tsaya. Wa zai fito? Surukinsa. Ashe ya taso daga Gwandu ganin kunna wuta, a gari aka tsegunta masa cewa ga abin da mijin ɗiyarsa ke yi da tifar da ya ba shi. Dattijo ne dogo, farin gemu, babbar riga mai aiki, ba ya gaggawa ba ya ɗaga murya. Ya nufi tifar kai tsaye.

Na waiga na dubi abokina. Ya sunkuya yana tuɓe takalmi. Ya buɗe ƙofa.

"Kai! Rufe ƙofar nan!"

Ko kallona bai yi ba. Shi kuma dattijo yana ta matsowa, har ya fara miƙa hannu wajen ƙofar. Ban yi shawara da kowa ba, na daka tsalle na cafki rigarsa ta baya na fizgo shi. Rigar ta ce ɓarrr, ta yage tun daga kafaɗa. Wurin ya yi tsit, ƙarar wayar kaɗai ake ji. A garinmu, a ce saurayi ya ja rigar dattijo har ta yage a gaban jama'a, ai ko mahaukaci sai ya yi tunani.

Ya juyo a hankali ya ce, "Yaro, kai ɗan wane ne?"

Na durƙusa, amma ban saki rigar ba. Na ce, "Baba, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama daga baya. Motar nan duk jikinta wuta ce. In ka taɓa ta ka mutu. In ya sauko ya mutu. An tafi a kashe layin."

Ya dubi hayaƙin tayar, ya dubi wayar. Sai muka ji muryar abokina, ba ma da dattijon yake ba, da ni yake. "Ba ni iyawa. Ba ni iya zama a sama Baba na tsaye a ƙasa." Ƙafarsa ɗaya ta riga ta fito kan matakala, ba takalmi.

Na yi ihu, na zage shi, na haɗa shi da Allah. Kamar da dutse nake. Shi dattijon ya dubi ƙafar nan. Ya zare rigarsa daga hannuna, ya waiga. A ɗaya gefen hanya akwai tulin marmara da muka jibge don aikin hanya, ya fi tsayin tifar. Sai kawai ya nufe shi ya fara hawa. Marmara na zamewa, yana dafawa da hannu, takalminsa ɗaya ya suɓuce ya gangaro, bai waiwaya ba. Wani ya zo zai taimaka masa ya ɗaga masa hannu. Da ya kai ƙololuwa ya miƙe tsaye yana haki, jar ƙasa har gemu, ya dubi abokina daga sama.

"To, ga ni bisa, kai kana ƙasa. Mai da ƙafarka. Zauna."

Abokina ya mai da ƙafa. Ya ja ƙofa ya rufe.

Jiran ya yi tsawo, ko kuwa ni ne na ga tsawonsa. Rana ta take, dattijo na tsaye a kan tuli ba inuwa. Ya lura abokina a tsorace yake, sai ya ce, "Wannan abin da ka ɗora, da mi ka haɗa shi?" Abokina ya amsa ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye. "Ban ji ba. Ɗaga murya." Ya ɗaga. "To shi sifirin ɗin, mine ne aikinshi?" Tun yana amsawa da kalma ɗaya ɗaya har bakinsa ya buɗe, ya shiga bayanin motocin ƙasar waje, da yadda suke hawan tudu ba hayaƙi, har da nuni da hannu ta taga. Dattijo na cewa "Ikon Allah," yana ƙara jefa masa wata tambayar. Na tabbata bai fahimci rabin zancen ba. Tun da aka ɗaura auren nan ba su taɓa yin magana mai tsawon wannan ba.

Can sai ƙarar ta ɗauke. Na hana kowa motsi har ma'aikacin lantarki ya iso a kan babur, ya duba, ya ce a sauko. Abokina ya sauko, ya zube a gindin tulin. Dattijo ya gangaro, ya tsaya a kansa. Muna jiran faɗa. Ya ce, "Ni ɗiyata na ba ka, ban ba ka ita don ta yi takaba ba. Cire wannan abin." Ya nemi takalminsa ya shiga mota.

A ranar aka kwance ƙoƙi-ƙoƙi. Ma'aikacin lantarki ya wanke mu tas, ni da shi, muka ce mun gode. Mai jaki ya tsinci jakinsa a bakin rijiya yana cin harawar Inna. Ita kuwa da ta ji zancen riga, ta ƙulla goro ta tasa ni gaba sai Gwandu ba da haƙuri. Dattijo ya karɓi goron, ya ce wa mahaifiyata ɗanta na da ƙarfin hannu, a nema masa mata. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin abin dariya, kuma ina ba da shi kamar ni ne na ceci mutum. Sai da girma ya zo mini, na aurar da nawa 'ya'yan, na ga yadda samari ke rawar jiki a gabana, sannan abin ya fara ba ni tsoro. Ni ilimin nake da shi a ranar, na faɗa, na maimaita, na yi ihu, bai hana ƙafar nan fitowa ba. Har yau in na tuna dattijon nan yana rarrafe a kan marmara da yagaggiyar riga a gaban talakawan gari, sai in ji ƙwalla.

Ranar da Allah ya yi masa rasuwa, muna dawowa daga maƙabarta a Gwandu, na ce wa abokina, "Wai don Allah, ranar nan ba ka ji abin da nake faɗa ba ne?"

Muka ci gaba da tafiya har muka kusa mota. Sannan ya ce, "Na ji ka sarai. Na san in na taka ƙasa mutuwa zan yi. Amma wallahi da bai hau ba, da na sauka."