Ranar da Kaina Ya Ƙi Tashi daga Sujada

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina kabu-kabu da moto, wato babur, tsakanin Matameye da Ɗan Barto, ban taɓa cewa wash ba. Shi ya sa da hannuna ya fara kasa matse birki na ɗauka gajiya ce. Daga baya abin ya hau wuya. Rana na yin sanyi sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙeya, haɓa tana neman ƙirji, zafi yana sauka har kafaɗa. Dangi suka ce mataccen jini ne, aka kira wanzami ya kafa mini ƙaho har sau uku. Jini ya fita, ciwo yana nan daram.

A asibitin Damagaram lokotoro, wato likita, bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce jijiyoyin da ke motsa naman jiki ne ke mutuwa sannu a hankali, ba a warkewa, sai dai lallaɓawa. Zafin wuyan kuwa, ɗan naman da ya rage ne ke wahala da kan da ya fi ƙarfinsa. Ya rubuta mini kolye, wani abin roba da ake ɗaurawa a wuya. Kwana huɗu na sa shi cikin zafin bazara, ya saɓule mini fatar haɓa, na wurga shi ƙarƙashin gado. A aji biyar na bar lakwal, makarantar boko, amma na san abin da ba don wuyana aka ƙera ba.

Moto na sayar, na haƙura. Abokan tasha da muka ci muka sha tare duk suka ɗauke ƙafa, su ma na haƙura, ko da yake ban manta ba. Abin da ban yarda in rasa ba shi ne sallar jam'i. Masallacin unguwa kaɗai ya rage mini inda nake shiga cikin mutane kamar kowa.

Wata Laraba a sallar la'asar muka yi sujada. Liman ya yi kabbara, sahu ya ɗago, ni kaina ya ƙi tashi. Na dafa tabarma, na yunƙura, goshi na manne. Sai na ji tafin hannu mai kaushi ya shiga ƙarƙashin goshina ya ɗago ni. Taubashina ne, ɗan kawuna, baduku mai ɗinkin akumarin jakuna, wanda tun muna yara ba mu taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba.

Da aka sallame, dattawa suka kewaye ni da sannu. Wani Alhaji ya ce Allah ya yi mini uzuri, in riƙa yi a gida. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ji na yi kamar an miƙo mini takalmana an nuna mini ƙofa.

Washegari da hantsi sai ga taubashin nan a zaurena da zare a hannu, ya hau auna mini wuya ba ko sallama ta kirki.

"Tsaya mana, bawana," in ji shi. "Jakunan Kurni ma sun fi ka haƙurin awo."

Na ce masa da hannuna na aiki, da yau ya san waye jaki. Ya ce ai shi ya sa ya jira sai yanzu.

Kolye na farko da ya ɗinko mini ya shaƙe ni, na zage shi, ya kwashe abinsa ya tafi. Na biyu ya yi shi da jemammiyar fatar akuya, ya cusa audugar rimi, ya ɗaga wajen haɓa, ya rarake wajen maƙogwaro. Uwar 'ya'yana ta yage tsohon zanenta mai laushi ta naɗe cikin, don gumi. Da na koma Damagaram, lokotoro ya zura yatsu biyu tsakaninsa da maƙoshina, ya ce ba laifi, amma kada in wuni da shi, in riƙa cirewa ina kishingiɗa kan matashi.

Malamin masallacinmu kuma ya ce in yi salla a zaune kan kujera, in sunkuya iya inda wuya ya yarda. Na yi ta gardama, don a wurina kujera ta tsofaffi ce. Ya ce girman kai ne ke damuna, ba fiƙihu ba. Ya yi gaskiya.

Ciwon bai tafi ba, ya dai sassauta, kuma na san gaba sai ta fi yau wuya. Amma salla biyar ina ƙarshen sahu, jikin bango, kaina a tsaye. Taubashin nan da yake rigima kan sahun gaba ya dawo gefena, wai nan ne iska ta fi shigowa. Ban ce masa na gode ba, don in na faɗa sai ya yi shekara yana yi mini dariya a kasuwa. Na dai sa shi cikin addu'a, shi da uwar 'ya'yana, kafin in roƙa wa kaina.