Kujerar Jikar Malam Zai-Girma

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Ƙofar Kabuga ya taɓa sa rigar da ta fi ƙarfinsa, kuma Malam Ɗalha tela ne ya ɗinka masa ita. Ni kaina na yi sallah uku da kaftani guda. A ta farko sai na tattare shi da hannu biyu in zan tsallake kwata, a ta biyu na daina taka shi, a ta uku kuwa da ya zo mini daidai, yadin ya riga ya koɗe, aljihun ma ya ɓule. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ba wai bai iya awo ba ne. Yakan auna yaro tsaf, ya ja tef daga kafaɗa zuwa gwiwa, ya duba lamba, sannan ya ƙara taƙi guda don raɗin kansa. In uba ya yi ƙorafi sai ya ce ai zai girma a ciki. Iyaye suna son wannan magana, mu kuwa yara muka laƙaba masa suna Zai-Girma, sunan ya bi shi har tsufa. Abin bai tsaya a shago ba. Takalman 'ya'yansa sai an cusa musu tsumma a gaba. Tukunyar da ya saya wa matarsa Hajiya 'Yardada tun suna su biyu a gida tana iya ciyar da gidan biki. Motarsa ma doguwa ce mai kujeru layi uku, ya saye ta saboda jikokin da iyayensu ba su ko yi aure ba.

Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan tsari ita ce 'yarsa ta fari, Nana Hauwa. Malam Ɗalha mutumin da ne, ya riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu, har ya fi matarsa. Bai taɓa ɗaukar yarinyar a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunanta ba. In yana nemanta sai ya ce "ke", in yana zancenta sai ya ce "yarinyar nan". Ko tef bai taɓa ɗora mata ba, da wutsiyar ido yake auna ta, shi ya sa rigunanta suka fi na kowa share ƙasa. A haka ta girma, ta zama nas a sashen da ake kai waɗanda suka yi hatsari, ta auri wani Umair, suka tare a Zariya. Da haihuwarta ta farko ta zo, sai ta dawo gida wankan jego, Allah ya ba ta 'ya mace, aka sa mata Zainab.

Jika kuwa babu kunya tsakaninta da kakanta. Duk ɗaukar da Malam Ɗalha bai yi wa uwar ba sai ya juye ta a kan 'yar. Amaryarsa yake ce mata, kamar yadda kakanni ke yi. Yakan rufe shago da tsakar rana ya tafi gida wai ya manta almakashi, alhali ga shi nan rataye a wuyansa. Tun kafin suna ya shelanta wa majalisarmu cewa ranar arba'in shi da kansa zai tuƙa amarya zuwa Zariya. Muka ce ai mata ne ke raka mai jego. Ya ce su raka, shi direba ne.

Sai Nana Hauwa ta aiko masa da saƙo ta bakin mahaifiyarta, don su biyun ba sa doguwar magana kai tsaye. Ta ce 'yarta ba za ta shiga motar kowa a kan cinya ba, sai a cikin kujerar yara da aka ɗaure yadda ya kamata, domin ta ga abin da birki ɗaya ke yi wa jaririn da aka riƙe a hannu. Kada kuma a sayo ta gwanjo, don ba a san hatsarin da ta taɓa shiga ba. In hakan ba zai samu ba, Umair zai zo da mota daga Zariya ya ɗauke su. Wannan ta ƙarshen ita ta hana Malam Ɗalha cin tuwo ranar. A ce suruki ya zo har ƙofar gidansa ya ɗauke masa amarya, ga motarsa mai layi uku a ajiye.

Washegari ya ja ni zuwa wani shagon kayan jarirai, wai in taya shi zaɓe, ni da ban taɓa ganin irin kujerar nan ba sai a talabijin. Mai shagon, Ismail, ya fara nuna mana wata ƙarama mai mariƙi kamar kwando, ya ce ta jarirai ce zalla, shekara guda ko makamancin haka yaro ya fi ƙarfinta. Malam Ɗalha ya dube ta irin kallon da yake yi wa wando ɗamamme, ya ce a wuce. Ta biyu ta yaran da suka tasa ce, ba ta karɓar jariri. Sai Ismail ya jawo ta uku, baƙa, mai nauyi, ya ce wannan tana girma tare da yaro. Tun yana jariri ake kwantar da shi a ciki yana kallon bayan mota, in ya yi ƙwari a juya ta gaba, matokarar kan tana hawa sama, igiyoyin suna bin ta, har yaro ya yi nisa a firamare.

Na ga idon Malam Ɗalha ya cika da ƙwalla. Ya shafa kujerar ya ce ashe Turawa ma sun dawo kan maganarsa, ya daɗe yana faɗa ana yi masa dariya. Ismail ya yi ta bayanin yadda ake saita ta, amma mutumin bai ji ko ɗaya ba, yana can yana auna faɗinta da tef.

Da muka dawo gida ya saita ta da kansa, kuma kowa ya san yadda zai saita ta. Ya cire tattausan matashin da aka yi don jariri, ya ce ɓata wuri ne. Ya ja matokarar kan har ƙarshen sama, ya saki igiyoyin iya tsawonsu. Sannan ya juya kujerar tana kallon gaba, domin a cewarsa ba a yi amaryar da za ta juya wa angonta ƙeya tun daga Kano har Zariya ba. Na ce Malam, anya jaririya ba za ta ɓace a cikin wannan ba? Ya ce za ta girma a ciki.

Abu ɗaya da ba za a raba shi da shi ba shi ne gwaji, bai taɓa sallamar ɗinki ba a gwada ba. Tun da Nana Hauwa ba za ta ba da aron 'yarta ba, sai ya leƙa madafa ya ɗauko kabewar da Hajiya 'Yardada ta tanada don miyar taushe. Ya jinjina ta a hannu ya ce nauyinsu ɗaya da amarya. Ya naɗe ta a tawul, ya sa mata hular sanyi ta jarirai, ya kwantar da ita a kujera ya ɗaura igiya, ni kuma na zauna a gaba.

Ba mu fita daga lungu ba mata suka tare mu. Wata tsohuwa ta leƙa ta gilashi ta yi wa kabewa addu'a, ta ce tubarkalla, kan kakanta ta ɗauko sak. Malam Ɗalha ya amsa da amin, bai gyara mata ba, ina jin ma daɗi ya ji. Muka hau titi yana tafiya a hankali, yana duban madubi yana yi wa kabewa hira. Daf da Ƙofar Kabuga sai wani ɗan adaidaita sahu ya yanko gabanmu babu ko sigina. Malam Ɗalha ya take birki.

Ba wani gudu muke yi ba, mai keke ma zai iya wuce mu. Amma kabewar ta sulluɓe daga cikin igiyoyin, ta wuce ta tsakanin kafaɗunmu, ta daki gaban motar ta dare gida biyu. 'Ya'yanta suka watsu a kan rigata. Na buɗe baki zan yi dariya, sai na dubi Malam Ɗalha na fasa. Ya sunkuya ya tsinci 'yar hular daga ƙarƙashin ƙafarsa, ya kakkaɓe ta, ya daɗe yana kallon ta. Masu mota na ta danna mana hon a baya, bai ko ɗaga kai ba. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba.

Daga nan shagon Ismail muka koma, da ragowar kabewa a cikin tawul. Wannan karon ya saurara kamar ɗalibi. Aka mayar da matashin jariri, aka sauke matokarar kai ƙasa, aka juya kujerar tana kallon baya. Ismail ya nuna masa yadda ake jan igiya har sai ta kwanta a jiki, yadda in ka tsunkule ta da yatsa biyu ba za ta tattaru ba. Malam Ɗalha ya tambaya ko za a bar ɗan taƙi guda. Ismail ya ce ko rabin yatsa. Kujerar ce ke jiran yaro ya girma sannan a buɗa ta, ba yaron ne zai bi ta da gudu ba.

Satin nan kaf masu kabewa sun san Malam Ɗalha. Kullum sai ya ɗaure sabuwa ya tafi wani fili a bayan ganuwa yana taka birki da gangan. Babu wadda ta sake motsi, amma duk wadda aka yi gwaji da ita sai ya ce a dafa. Gidan suka ci taushe har Hajiya 'Yardada ta rantse in ya sake shigo mata da kabewa shi za ta ɗaure a kujerar.

Saura abu guda. Kabewa ba ta da kafaɗa, kuma igiyar da kafaɗa ake saita ta. Ana jibi tafiya ya tsaya a ƙofar ɗakin mai jego da tef a wuya, ya yi gyaran murya ya fi a ƙirga, sannan ya yi sallama ya shiga. Nana Hauwa ta riƙe masa 'yar, ya auna ta daga mazauni zuwa kafaɗa, ya duba lamba. Hajiya 'Yardada ta ce ta zuba masa ido tana jiran ya ƙara taƙinsa, har leɓensa ya motsa, sai ya haɗiye. Ya fita ya saita kujera a kan lambar yadda take.

Ranar tafiya Nana Hauwa ta duba kujerar da kanta. Ta girgiza ta, ta ja igiya, ta tsunkula, sai ta kwantar da Zainab a ciki ta zauna kusa da ita. Umair dai aka yi masa waya aka ce ya yi zamansa. Ni ban bi su ba, abin da ya faru a hanya daga bakin Hajiya 'Yardada na ji shi, don ita ce a gaba.

Ta ce tun daga ƙofar gida Malam yake murɗa madubi don ya hango amaryarsa, amma duk inda ya juya shi bayan kujera kawai yake gani, ko tsinin hularta babu. Abin da madubin ya iya kamowa shi ne fuskar mai jego, ta sunkuya tana gyara wa 'yarta tawul. Ya kawar da ido, ya sake dubawa, ya sake kawarwa. Da suka wuce Kwanar Ɗangora dai ya haƙura ya bar madubin a inda yake. Can kuma sai ya yi gyaran murya.

"Hauwa," in ji shi, "igiyar ba ta matse ta ba ko?"

Hajiya 'Yardada ta ce sai da ta waiga ta ga ko akwai wata Hauwa a motar. Nana Hauwa ta goge ido da bakin mayafi.

"Ta yi mata daidai, Baba," ta ce.

Ya gyaɗa kai ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Kafin su shiga Zariya ya sake yi mata wannan tambayar har Hajiya ta gaji da ji, kuma ko sau ɗaya bai manta da sunan ba.