Tsakuwa Goma a Bakin Iyaka

A ɗakin binciken da ke bakin iyaka na'urar duba kaya ɗaya ce, ita ma sai an lallaɓa ta. An ce babu kuɗin ta biyu, an kuma ce kada matafiyi ya wuce rabin awa a layi. Ma'aikaciyar da aka ɗora wa wannan ciwon kai, mu direbobi Uwar Tsakuwa muke kiranta.

Jakar yadi gare ta mai tsakuwa goma, tara farare, ɗaya baƙa. Kowa ya zura hannu. Fara, a duba takardarka ka wuce. Baƙa, a zazzage ka har aljihu. Mukan yi mata tsiya: "Hajiya, gwamnati ta koma caca ne?" Sai ta ce, "Zura hannu, sarkin surutu."

Ni lalaci na ɗauka. Na ce matar nan ta gaji da tunani ne.

Duk Talata nakan tsallaka da mahaifiyata wankin ƙoda. Ƙarfe goma asibitin ke ba wani gadonta idan ba mu iso ba. Wata Talata, tara da kwata, Inna ta zaro baƙa.

"Hajiya, don Allah," na ce. "Dubi yadda ƙafafunta suka kumbura."

"Na gani. Ɗauko jakar kayanta."

Raina ya ɓaci. Ta durƙusa gaban Inna, ta ce, "Sannu Mama, minti biyar zan ci miki." Da kanta ta kwance ƙullin magunguna, tana dubawa tana mayarwa yadda ta same su. Na ce, da ɗaci, ai mai ido ya san tsohuwa ba ta ɗauke da komai.

Ba ta ɗago ba. "Shekara shida da ido nake zaɓa. Wata rana na waiwaya na kalli bencin waɗanda na ware. Duk masu silifa ne, masu kwalar riga a cinye. Kamar an jera mini babana sau takwas. Masu turare kuwa ina ta yi musu a sauka lafiya." Ta zuge jakar Inna. "Kai ma sau nawa na zaunar da kai a bencin nan?"

Sai na tuna. Kafin jakar tsakuwa, kusan duk mako ni ne a bencin, saboda tabon da ke goshina. Sau biyu Inna ta rasa gado, muka juyo tana numfashi sama-sama. Bayan jakar, wata bakwai ban zauna ba, ban kuma taɓa tambayar dalili ba.

Ko tausayinmu ne ya sa ta ɗinka jakar, ko kunyar babanta, har yau ban sani ba. Wataƙila ita ma haka.

Goma saura minti bakwai muka shiga asibiti. Da aka jona wa Inna robar wankin ƙodar, ta ce, "Yarinyar nan ta ninke mini zani fiye da matarka."

Talatar da ta biyo, na zura hannu ban yi tsiya ba. Ta kalle ni ta ce, "Lafiya kuwa, sarkin surutu?"