Kwamfutar da Ta Shanye Wutar Firij

Ina shekarata ta biyu da fara aikin ajiye bayanan marasa lafiya a ƙaramin asibitinmu na Gafasa aka ce za a sayo mana kwamfutar tebur. Shugabar asibitin, wata dattijuwa da muke kira Hajiya, ta ce ni zan je Kano in zaɓo, tunda ni zan riƙa zama a gabanta. Kuɗin da aka ba ni sai dai mai araha.

Mai shagon ya ajiye mini guda biyu. Da ido ba ka raba su, bambancin yana ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke ciki. Ta farko tsohuwar ƙira ce mai ƙarfi, ta biyu sabuwa ce amma ƙarama. Ya kunna su tare. Kafin in gyara zama ta farkon ta buɗe, ɗayar kuwa sai da ta ɗan ja lokaci.

"Wannan ta fi sauri, Malama," in ji shi, "sai dai tana da cin wuta."

Na ji, amma ban tambaye shi ko cin nata ya kai yaya ba. Layin mata da ke jirana kullum nake hangowa, kuma ina so a ce na iya zaɓe. Na ɗauko mai saurin.

Ba mu da wutar gwamnati. Sola ce a kan rufi, da batura, da inbata mai raba wutar, kuma daga nan firij ɗin allurar rigakafi yake sha. Duk rani ba mu ga komai ba, rana tana cika batura har ta yi saura. Sai ga damina ta nutsa, aka yi marka kwana uku ba a ga rana ba.

A rana ta uku da hantsi, ina ta shigar da rahoton wata, mata sun cika baranda da jarirai, sai inbata ta fara kuka, ɗit, ɗit, jar fitila tana walƙiya. Daga nan gurnanin firij ya ɗauke.

Hajiya ta shigo da sauri. "Me yake jan wuta haka? Ai na sa an kashe fanka da fitilu tun shekaranjiya."

Ta kasa kunne. Ƙara ɗaya ta rage a ɗakin, ita ce ta kwamfutata. Na kai hannu bayanta, iska mai zafi ta buge ni kamar bakin murhu. Kwana ukun nan kullum tana kunne daga safe har la'asar. Na fizge wayar, amma batura sun riga sun yi ƙasa, firij bai tashi ba.

Ma'aunin sanyin da ke jikinsa yana kan digiri biyar. Idan ya wuce takwas ya daɗe, rigakafin mazaɓar gaba ɗaya ya shiga hatsari. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lalatacciyar allura ba lallai ta nuna a ido ba. Sai a yi wa jariri, uwa ta tafi tana murna, ƙyanda ta zo ta same shi ba kariya.

"Kada wanda ya taɓa murfin nan," in ji Hajiya. Ta tura mai gadinmu, wani dattijo, ya hau babur ya je Ajingi neman ƙanƙara.

Na durƙusa gaban ma'aunin. Shida. A waje wata mata tana yi wa 'yarta wasa, yarinyar tana ƙyalƙyala dariya, na kasa ɗaga ido in dube su. Da ya kai bakwai na ce, "Hajiya, ni ce. An faɗa mini tana cin wuta, na ƙi ji."

"Bari mu tsira tukuna, 'yar nan," ta ce, ba ta ko waiwayo ba.

Mai gadi ya dawo bayan azahar, taɓo har gwiwa, da buhun ƙanƙara a bayansa. Ma'aunin yana gab da takwas. Muka naɗe ƙanƙarar da tsumma, muka kwashe alluran cikin kula, wato akwatin riƙe sanyi. Aka yi wa yaran da suka zo, sauran alluran aka kai ajiya Ajingi.

Mako na zagayowa yayana, da ke aiki a sakatariyar Gaya, ya zo da tasa kwamfutar mai ƙaramar furosesa da wani ɗan ma'aunin wuta. Muka ba su aiki iri ɗaya. Tawa ta riga tasa gamawa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma wutar da ta sha ta ninka ta tasa, ko tana zaune ba aiki ci take yi. Muka yi musaya, ya tafi da ita ofishinsu mai janareta.

Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Ta buɗe littafin da ake rubuta sanyin firij kullum, ta miƙo mini biro, ta ce in rubuta dalilin ɗaukewar firij ɗin da hannuna, in sa hannu a ƙasa. Na rubuta, layi uku, ta karanta ta rufe.